Ranar Da Vendelin Bai Ji Gyatsar Inji Ba

Filin jirginmu ciyawa ce zalla, a shimfiɗe tsakanin gonakin inabi na kudancin Morabiya. Da safe hazo kan kwanta a kai kamar farin mayafi, ƙananan jirage masu kujera biyu su yi tsuru-tsuru a rumfa, raɓa na ɗiga daga fukafukansu. A nan Vendelin Kocab ya tsufa. Shekara arba'in yana gyaran injinsu, amma sau uku kacal ya taɓa tashi sama. Ya ce abin da ke sama na tsuntsaye ne, nasa yana cikin ƙarfe.

Ni kuwa waƙa nake rubutawa, ina kuma yankan ciyawar filin. Abin da ya haɗa mu ke nan.

Irin wannan inji, ba a auna baƙin mansa sai an juya farfela da hannu, sannu a hankali, har man da ya kwanta a ƙasa ya koma tanki. Idan ya gama komawa, sai tankin ya yi wani ɗan ƙugi. Gyatsa muke kiransa. Wanda ya auna kafin gyatsa, ƙarya sandar awo za ta yi masa.

Doka kuma ita ce, duk shekara biyu makanike ya koma kwas na kwana biyu, a sabunta masa takardar izinin aiki. In babu ita, ba zai ƙara sa hannu a littafin wani inji ba. Takardar Vendelin za ta ƙare a ƙarshen bazara, kunnuwansa kuwa sun riga ta tafiya. Tsuntsaye suka fara yi masa shiru, sannan ƙararrawar coci. Bai gaya wa kowa ba. Kowa kuma ya sani.

Ni na kai shi wurin kwas ɗin a motata. Na zauna a bencin baya ina cin burodi, hasken taga na yawo a kan sufanoni da sauran kayan gyara kamar ruwa.

Mai koyarwar, Malama Radmila, mace ce mai gajeren gashi da hannuwa irin na manoma. Ranar farko rubutu aka yi, Vendelin ya cinye tas. Rana ta biyu aka tsaya gaban inji.

Wani ƙato a cikin ɗaliban, Lubos, ya ce, “Kawu, kai fa ka girmi littafin nan. Me kuma ka zo nema?”

“Na zo in ga ko ka daina ɗaure noti kamar mai murɗe wuyan agwagwa.”

Aka kwashe da dariya. Motsin bakin Lubos ya karanta, ba ji ya yi ba, ni na sani.

Da layi ya zo kansa, ya cire murfin tanki, ya kama farfela. Yana juyawa, yana dakatawa, idonsa a lumshe kamar mai tuna wata tsohuwar rawa. A juyi na goma sha biyu tankin ya yi gyatsa. Duk muka ji.

Vendelin ya ci gaba da juyawa.

Sha biyar. Ashirin. Fuskarsa a sake, yana jiran sautin da ya riga ya wuce shi. Lubos ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Malama Radmila ta dafa kafaɗarsa. Sai da ya dube ta sannan ta yi magana.

“Kawu, ya yi tun ɗazu.”

Ya saki farfelar, ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

“To, 'yata. Kin gani da idonki.”

“A gida wa yake ji maka?”

Ya nuna ni da haɓa. “Wancan. Yakan tsaya gefen tanki ya ɗaga mini yatsa. Shekara biyu ke nan. Amfaninsa na farko a duniya.”

“Ka ji butulu!” na ce. “Waƙoƙina fa?”

“Rashin jin su ne dai alherin kurumtar, Oldrich.”

Ba ta yi dariya ba. Ta kira ni gaban injin, ta tambaye ni me ya sa ake jiran gyatsa. Ban sani ba. Sautin kawai nake so, don yana kama da rijiya mai magana cikin barci.

Ta ce, “Kawu, hannunka ya fi na kowa a ɗakin nan. Amma ba zan bar ran matuƙi a yatsan wanda bai san abin da yake ji ba. Ka je likita ya sa maka na'urar ji. Shi kuma ya zauna ajin 'yan farko a watan gobe. Ku dawo tare.”

Haka na shiga makaranta ina da shekara sittin da tara, na koyi hanyar da mai ke bi a cikin duhun inji. Vendelin ya sa na'urar, ya yi mako guda yana ƙorafin cewa duniya ta cika surutu.

Ranar da muka koma, a juyi na tara ya tsaya cak, kafin ma in motsa. Ya karkata kai.

“Ashe haka muryarsa take. Na ɗauka ta fi haka kauri.”

Malama Radmila ta jawo takardar, ta buga hatimi.