Akwatin Fitilar 'Yan Tsaki

A shekarun da masara ta gagari talaka, muna zaune a ƙauyen su mijina, gabas da Minjibir. Ya gama karatun lantarki a birni, ya nemi aiki har takalminsa ya cinye, sannan ya dawo gida ya kama fartanya. Ina da goyo a lokacin, kuma sau ɗaya muke ɗora tukunya a rana.

Yayan mahaifinsa, wanda muke kira Baba Alhaji, shi ne mai abin hannu a dangi. Yana kiwon kajin gidan gona a bayan gari. 'Yan tsaki na son ɗumi, shi ya sa ake kunna musu ƙwayayen fitilar lantarki, amma sai an tsaya ana kunnawa ana kashewa, in ba haka ba sanyi ko zafi ya halaka su. Mijina ya ce zai haɗa abin da zai riƙa yin wannan aikin da kansa.

A kan tabarmata ya haɗa shi, cikin akwatin katako. Ya nuna mini wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai kwalin ashana ba, ita ke jin zafin ɗaki ta ba da umarni. Sai wani ɗan abu mai ƙafa uku, tirayak, shi ke rage wa fitilun wuta ko ya ƙara. Ya ɗaure shi jikin alminiyom da ya yanko daga tsohuwar tukunyata, don ya riƙa shanye masa zafi. Ranar gwaji na ga fitila tana dusashewa a hankali kamar garwashi, ba wanda ya taɓa ta. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Da ya kai akwatin ya ce, "Baba, don Allah kada a ƙara fitilu a kan waɗannan. In kaya ya yi masa yawa ƙonewa zai yi, kuma in ya ƙone ba ya kashe wuta, sakin ta yake gaba ɗaya."

"Na ji, injiniya," in ji Baba Alhaji.

Akwatin ya yi aiki, 'yan tsakin farko suka tashi lafiya. Sai Baba Alhaji ya ninka su, ya sa aka jona ƙarin fitilu, bai gaya wa kowa ba. Wata Juma'a da bazara, maza duk suna masallaci, tirayak ɗin ya ƙone. Ɗakin kwano ne, a rufe. Kafin a dawo babu ko ɗaya mai rai.

Da la'asar aka turo baro har ƙofar gidanmu, aka juye mushen a bakin zaure. Mutane suka taru. Baba Alhaji ya ajiye akwatin a ƙasa, ya aika a karɓo taɓaryata. Ina leƙe ta katangar zana.

"Baba, ai na faɗa kada a ƙara," in ji mijina.

"Ni kake ƙaryatawa a gaban jama'a? Ungo. Da hannunka za ka farfasa shi."

Mijina ya dubi mahaifinsa. Tsohon ya sunkuyar da kai, domin a gonar yayansa muke noma duka. Sai mijina ya karɓi taɓaryar. Yana bugu Baba Alhaji na cewa, "Ƙara, da saura." Wasu na dariya. Bayan nan aka sa shi ya kwashe mushen a kwando, ya ɗora a kansa, ya ratsa tsakiyar gari zuwa juji, ba a yarda ya bi ta baya ba.

Da ya shigo na zuba masa ruwa a bokiti. Ya ce in wanke taɓaryar tukuna.

Daga ranar sunansa ya koma Injiniyan Mushe. Har a wurin jana'iza an kira shi da shi. Da damina ta faɗi, Baba Alhaji ya karɓe gonar da muke nomawa ya ba surukinsa.

Muka tattara muka koma unguwar Bacirawa a birni, ɗaki guda. Can ya kama turin ruwa a kura. In fitilar ɗakinmu ta mutu, ni nake taka kujera in canza, shi ko kallo ba ya yi. Bayan wasu shekaru muka je gida sallah, muka tarar Baba Alhaji ya sayo irin akwatin daga birni, na roba, mai rubutun Turanci. Ya kama hannun mijina ya kai shi har gaban akwatin, ya ce ya duba da kyau ya ga aikin masu ilimi.