Ƙaurin Miyar Inna

Daga Birnin Kebbi har Argungu babu mai harshe irin nawa. Ni ne nake ɗanɗana miya in faɗa maka fadamar da aka noma albasar, in ka matsa mini ma in faɗa maka ko manomin ya yi sallar asuba ranar da ya cire ta. A ofis, in mai abinci ta kawo shinkafa da wake, abokan aiki sai sun duba fuskata kafin su sa cokali. Wannan tumbi da kake gani ba kitse ba ne, ilimi ne ya rasa wurin zama. Saboda haka da Baba ya daina cin abinci, na duba gabas na duba yamma ban ga wanda zai cece shi ba sai ni.

Inna ta rasu da damina. Baba ya karɓi gaisuwa da ƙarfinsa, yana ma ba mutane haƙuri, amma tun daga nan kwanonsa ya riƙa komawa yadda ya fito. Mutumin da a zamanin yana su yake rungumo giwan ruwa mai girman ɗan maraƙi, ya koma sai an lallashe shi ya kurɓi koko. Muka kawo shi asibiti a Birnin Kebbi, likita ya ce babu wata cuta sai tsufa, amma in bai ci ba ƙarfi ba zai dawo ba. Riga ta fara yi masa yawa, hula tana saukowa kan kunnuwansa. Ana haka sai Yaya, babbar yayarmu da ke kula da shi a Argungu, ta ji shi yana magana shi kaɗai: "Da zan samu miyar surenta, da na ci tuwo."

Miyar sure ce da ɗanyen kifi, suren da mutanen gabas ke kira yakuwa. Kowace mace a garinmu ta iya ta. Abin da ya sa ta Inna ta zama aiki shi ne ba ta taɓa bari kowa ya dafa wa Baba ita ba. 'Yan mata su wanke kifi, su tsinke ganye, su daka kayan miya, daga nan sai ta kore su ta ɗora 'yar tukunyarta ta ƙasa. Sauran gida miyar kuka muke sha. Ni kaɗai, da yake ni ne auta, nake zaman bakin murhu. In ta kai wa Baba nasa ta dawo, sai ta miƙo mini tukunyar da guntun tuwon shinkafa ta ce in yi sauri kafin yayyena su gani. Kenan a duk faɗin duniya mutum biyu suka rage da suka san ɗanɗanon miyar nan, ɗaya ya ƙi ci, ɗaya kuwa ni ne.

Yaya ta gwada dafawa ba sau ɗaya ba. Baba sai ya taɓa, ya sa mata albarka, ya ture kwanon. Ni kuwa da na ji haka sai na yi shela a guruf ɗin gidanmu na waya: ranar Asabar gasa, kowa da tukunyarta, miya iri ɗaya, wadda Baba ya cinye tuwonta tana da turmin atamfa. Masu dafuwa huɗu: Yaya, ɗayar yayata da ke aure a Gulma, matar wana, da maiɗakina. Ni ne mai ba da fasaha.

Da sassafe na isa bakin gulbi na zaɓo ragon ruwa da hannuna, don na rantse kifin kiwo ba zai shiga gidanmu ranar nan ba. Na sayo sababbin tukwanen ƙasa. Aka jera murhu huɗu a tsakar gida, na sa aka kawo mini kujera na zauna a tsakiya, sannan na buɗe musu sirrin.

Na ce, "Duk abin da kuka sani na daddawa da tattasai daidai ne. Abu ɗaya kuka rasa. Ƙauri."

Maiɗakina ta ajiye ludayi. "Ƙauri? Na ƙonewa?"

"Ba ƙonewa ba, kamu. Miyar Inna tana da kauri, tana da duhu, tana da ɗan ɗaci can bayan harshe, ga ƙamshin hayaƙi. Sai an bar ta ta kama ƙasa, sannan a kankaro a juya."

Maiɗakina ta ce, "Ni tun da aka haife ni ban taɓa jin an ƙona miya da gangan ba."

Matar wana ta yi dariya ta ce, "Ƙyale miji ƙarami. Wanda ko ruwan shayi bai iya tafasawa shi na malaminmu yau."

"Ke kin taɓa shan miyar?"

"Ban taɓa ba."

"Tau, wanda ya sha na magana."

Aka shiga aiki. Hayaƙi ya tashi har sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga su ga ko suna ake yi ba a gaya musu ba. Ta Gulma ta zo da daddawarta ƙulle a haɓar zane, ta ƙi sam wa kowa. Matar wana tana ta tsokanar maiɗakina, wai matan birni gas ya lalata su, ba su san bakin itace ba. Ni ina zagayawa da cokali kamar mai duba jarrabawa, in ce wannan a ƙara wuta, waccan a bar ta tukuna. Har na fara tsara yadda zan ba da labarin a ofis ranar Litinin.

Tukunyar Yaya ce ta fara nuna. Wallahi ƙamshinta ya kai a yi masa sallama. Ta sa tsumma za ta sauke, na tare ta.

"Yaya, ki bari ta kama."

"Auta, miyar ga ta yi."

"Ta yi irin taki. Irin taki kuwa Baba ya ture ta."

Ta daɗe tana kallona da tsumma a hannu. Yaya mace ce da ba a juya ta, ko mijinta lallaɓa ta yake. Amma ita ke wanke kwanon Baba kullum, ita ta san abin da ke komawa. Ta mayar da tukunyar kan wuta, ta koma gefe ta zauna, ta juya mata baya.

Bayan azahar aka shimfiɗa wa Baba tabarma a inuwar darbejiya, aka jingina shi da matashi. Aka jera kwano huɗu da tuwon shinkafa mai laushi. Matan suka tsaya daga nesa, ni na durƙusa kusa da shi ina buɗe murafe. Da ya ga sure da kifi sai idonsa ya ɗan yi haske, har ya gyara zama da kansa ya ce a ba shi ruwan wanke hannu. Rabon da ya nemi ruwan wanke hannu tun Inna na da rai. Na waiwaya na kashe wa matar wana ido.

Ya gutsuri tuwo ya dangwali ta farko. Ya tauna a hankali. Ya matsa ta biyu, ya matsa ta uku. A ta huɗu ko tuwo bai ɗauka ba, yatsa kawai ya sa ya lasa.

"Mi kunka yi ma kihin ga? Duk huɗun wuta ta ci su?"

Na ce, "Baba, ƙaurin Inna ne. Haka take yin ta. Ni na tuna musu."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Uwarku ba ta taɓa kawo min miya mai ƙauri ba. Ko sau guda."

"Amma Baba, ni da bakina..."

"Kai ƙasan tukunya ta ka ba ka. Nawa tana kwashe shi tun miya na da idonta. In ta kawo sai ta zauna nan tana yi min fifita da labarin maƙwabta har in ƙare. Ragowar na can bisa garwashi tana ƙuna, ba ta ko tuna ta. Shi ne kai ka sha."

Na nemi abin dariya a cikina, wurin da kullum nake samu, na tarar babu. Yaya ce ta matso ta durƙusa.

"Tau Baba, taka ɗin yaya take? Faɗa min, ko yanzu sai in ɗora wata. Tsami ne ya fi, ko yaji? Ruwa-ruwa take ko da kauri?"

Ya runtse ido ya daɗe, bakinsa na motsi kamar yana nemo ta. Muna ta jira. Da ya buɗe sai ya ce, "Awa miyarta dai, irin tata." Ya ƙara tunani, ya girgiza kai. "Ban san yadda zan ce ba. Ci nike, ban tambaya."

Ya nemi ruwa ya kurkure baki, ya ce a kai shi ɗaki. Na kama shi ta hammata, na ji kamar buhun ƙaiƙayi na ɗauka. Ya kwanta ya juya fuska bango. Ranar ko kokon bai sha ba. Atamfar tana nan a but ɗin motata, na rasa wadda zan ba, na rasa fuskar mayar da ita kasuwa. Ba a sake wata gasa ba, Baba ma bai kai girbin shinkafa ba.

Amma a ranar ban san haka ba, ga shi bakina ba ya iya zama. Na fito na tarar da matan a bakin rijiya suna kankare tukwane da yashi. Na gyara murya na ce ai yanzu an samu ci gaba, tunda mun san abin da ba shi ba ne. Asabar mai zuwa sai a sake, zan zauna in yi tunani sosai, wataƙila in tuno yadda samanta yake.

Yaya ba ta ko ɗago ba.

"Auta, je ka zauna. Wankin tukunya anka rene ka da shi, ka girma ka zo kana koya muna miya."