Ranar da Jar Motar Baba Ta Kwanta a Gidan Igwai

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina, da aka zauna rabon gado, akwai abu ɗaya da kowa ya riƙa kawar da kai idan an ambace shi: tsohuwar jar motarsa da ke fake ƙarƙashin dogon yaro a gidanmu na Gidan Igwai. Irin motocin tseren nan ne na Turawan da, ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci kamar na kada. Ya saye ta a hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu, a shekarar da aka haife ni. A lokacin rabon ta haura shekara goma ba ta motsa ba, har kaji sun mai da ita wurin ƙwai. Yayyena suka ce mota mai kujera biyu ba ta mai iyali ba ce. Ni kuwa, da nake jin kaina ɗan zamani, na ce a bar mini.

Aka jawo mini ita zuwa gidana a Arkilla. Inji bai ba da wahala ba, cikin wata guda ta tashi. Matsalar tana ƙafafu. Ko tsakuwa ta taka sai ka ji a haƙoranka, idan kuwa ta faɗa rami sai ta yi ta rawa har ka manta da ramin ba ta daina ba. Ga wani kuka da take yi ta baya, ƙiiƙii, kamar tsohuwar ƙofar zaure.

Ina da wani abokina da muke ofis ɗaya. Bai taɓa mallakar ko keke ba, amma babu motar da bai san tarihinta ba, duk daga waya. Shi ya zo ya zagaya ta sau biyu, ya riƙe haɓa.

"Kai, motar ga ba haka Turawa sunka yi ta ba," in ji shi. "Duba nan."

Ya nuna mini hotunan 'yan uwanta a ƙasashen waje. Kowace ta lafe a ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Na ɗaga kai na dubi tawa, tsaye zaƙai-zaƙai, tsakanin taya da jiki sai ka zura kanka ka leƙa.

"Taka raƙumi ce aka shafa wa jan fenti," ya ce.

Maganar nan ta hana ni sukuni. Ranar Asabar muka kai ta Sabon Gari wurin wani dattijon bakanike, Bayarabe ne amma haihuwar Sakkwato, Hausarsa ta fi tawa nuna. Ya ɗaga ta a jak, ya kwanta a ƙarƙashi ya daɗe, sannan ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce shokozoba masu hana mota rawa duka huɗu sun mutu tun ba yau ba, robobin da ke riƙe ƙafafun sun ruɓe, dole a sake su. Na ce na yarda. Sai ya yafuto ni.

"Alhaji, zo ka ga wani abu."

Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara masa ba. Na durƙusa. A saman kowane sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, akwai wani ƙarfe mai kauri, zagayayye kamar faifai, baƙi ƙirin, duk jikinsa sawun guduma.

"Wannan ba na kamfani ba ne," ya ce. "Aikin maƙeri na. Wani yas sa anka ƙera su don a ɗaga motar, kuma wanda yay yi ya san abin da shika yi."

"Jahilci dai," na ce. "Cire su ka zubar."

Abokina ya ƙara da cewa tunda an zo an zo, a yanke zobe ɗaya da rabi daga kowane sifirin, ta ƙara kwanciya. Dattijon ya dube shi, ya dube ni.

"Ina kake zaune?"

"Arkilla."

"Ka taɓa ƙirga bom nawa ne daga nan zuwa ƙofar gidanka?"

Yana nufin tudun nan da ake yi a titi don rage gudu. Na ce masa wannan matsalata ce, shi dai ya yi aikinsa. Ya ce to, ya ɗauki sufana.

Mako uku ana aiki. Kullum na tashi daga ofis sai na biya in zauna a kan benci ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. Ranar da aka sauke ta daga jak, wallahi sai da na ji hawaye. Ta kwanta luf, yatsu huɗu ne kawai tsakaninta da ƙasa. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Abokina ya jingina da ita ya sa aka ɗauke shi har kala biyar.

A hanyar gida na sami amsar tambayar dattijo. Goma sha ɗaya ne. Kowanne sai na tsaya cak, in karkace sitiyari, in hau shi a kaikaice taya ɗaya bayan ɗaya, ina salati, 'yan kabu-kabu na bayana suna ta oda. Da na iso, dakalin ƙofar gidana ya ƙi ba ta hanya. Ta kwana biyu a waje kafin na kira magini ya fasa dakalin. Matata dai ta tambaye ni ko za a rage wa gidan tsawo shi ma.

Duk da haka ban karaya ba. Na je gaida mahaifiyata a keke, ina ta zuba mata labari.

"Inna, sai kin ga motar Baba. Ta koma yadda Turawa sunka yi ta. Ashe wani jahili ne ya cusa mata wasu ƙarafa a ƙafa, na sa an cire an zubar."

Tana tsince shinkafa a tire. Hannunta ya ɗan tsaya.

"Jahili ko?"

"Na ƙarshe ma, Inna."

"To," ta ce, ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce yayarta ta dawo daga Umara, ranar Juma'a in zo in kai ta ta yi mata barka da sauka, kuma a motar take son zuwa.

Na ji daɗi ƙwarai. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na sha farar shadda, na lallaɓa da motar ta wani lungu mai yashi har ƙofar gidanmu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne mahaifiyata ba ta zuwa gaisuwa hannu sake. Aka fito da rabin buhun shinkafa 'yar gida, da kwandon albasa, da kula biyu. Na cusa su a ɗan but ɗin da ba a yi shi don komai ba sai jakar Bature. Ita kanta kuma, Allah Ya ƙara mata lafiya, mace ce mai jiki. Sai da na riƙe ta da hannu biyu ta sauka cikin kujerar, kamar ana zura guga a rijiya. Ina jin motar ta yi wata ajiyar zuciya. Yatsu huɗun nan sun koma biyu.

Ta ce ba za ta bi lungu ba, ta bakin titi za mu bi, inda mutane suke. A bakin titin nan kuwa 'yan unguwa sun haɗu sun gina nasu bom ɗin da siminti, wanda ya gina shi kuma da alama katanga ya saba yi. Na tsaya, na karkace, na yi bisimilla. Tayoyin gaba suka haye. Sai ji na yi ƙurrr, sannan ƙum. Motar ta zauna a kan cikinta. Na taka mai, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa ƙura, ko tsawon tafin hannu ba mu matsa ba. Na sa ribas, haka. Muna lilo a tsakiyar titi, gaba ya yi ƙasa, baya ya yi ƙasa.

Kafin minti biyar kekuna sun yi layi har inda ido ya ƙare. Masu tsire da masu shayi suka bar sana'arsu. Ga jama'a cikin fararen kaya suna dawowa daga masallaci, rabinsu sun san ni tun ina yawo ba wando. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, jirgin ruwa ne?"

Na zagaya wurin mahaifiyata, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri ki ɗan hito, nauyi ya ragu."

"Ban hita."

"Inna, don Allah."

"Da ƙyar kas sa ni ciki gaban mutum biyu. Yanzu gaban garin ga duka zaka jawo ni? Ban hita. Yadda kash shigo da ni haka zaka hidda ni."

Ta gyara lulluɓinta, ta sauke gilashi, ta kira wani mai nama da sunan uwarsa, ta ce ya tara mata samari. Haka majiya ƙarfi takwas suka kewaye motar. Ita ke ba da umarni daga ciki: na baya su fara, na hagu su bi a hankali akwai miya a but. Aka yi kabbara aka ɗaga mota da mahaifiyata da shinkafa da albasa, aka taka da ita taku shida aka dire. Jama'a suka sa tafi. Ita kuwa har da ɗaga musu hannu.

Salansa dai ba ta biyo mu ba, ta zauna a kan bom ɗin. Wani bawan Allah ya naɗo ta a kwali ya ɗaura mini a bayan but da igiyar rago. Da na tada motar sai ta fasa wata ƙara kamar injin niƙa, awaki suka watse. Farar shaddata ta koma kalar titi.

Sai da muka tsaya a ƙofar gidan yayarta na kashe injin, kunnuwana na ƙugi, sannan ta ce in dakata.

"Ka san ranar da anka haife ka?"

Na ce na san kwanan watan.

"Da damina ne. Babanka bai yi wata biyu da sayen motar ga ba, kwance take hakanga, shina ji da ita kamar yadda kake ji. Naƙuda ta kama ni da hantsi, yas saka ni ciki za mu asibiti. Sannan ba a yi kwalta ba ta wajenmu. Munka zo wani kwari da ruwa ya ci, ta zauna. Shi tura, shi tona da hannu, shi yi kuka. Ban taɓa ganin hawayen babanka ba sai ran nan. A amalanken jaki anka ƙarasa da ni, saura kaɗan in haihe ka bisa buhun gawayi."

Ta gyara zama ta ci gaba.

"Ko suna ba a yi ba yat tahi maƙera. Shi ya zana ƙarafan da alli a ƙasa, ya tsaya kansu har anka gama. Ya ce motar da ba ta kai matarsa asibiti ba, kyawonta na banza na." Ta miƙo mini hannu. "To ga jahilin naka. Jawo ni."

Ban iya shiga gaisuwar da kyau ba. Ina zaune ana miƙo mini dabino da zamzam, hankalina yana Sabon Gari. Na san masu sayen tsofaffin ƙarafa kullum suna zagaya garejin nan da kura, kuma da bakina na ce a zubar. Ana idar da la'asar na bar motar a nan, na hau kabu-kabu.

Na tarar da dattijon yana wanke hannu da fetur. Ban ko gama sallama ba ya nuna mini bango da haɓa. Ga ƙarafan Baba nan su huɗu, an zura su a waya an rataye a ƙusa.

"Wata ɗaya na ba ka ka dawo nemansu," ya ce. "Kwana tara kay yi."

Sifirin da aka yanke ba ya komawa, sai da muka yi sati biyu muna neman wasu a wurin masu tsofaffin kaya. Aka mai da ƙarafan Baba inda suke, aka bar sababbin shokozoba da robobi. Abin mamaki, sai ga mota tana tafiya lumui, ba rawa ba kuka, tana haye kowane bom ba tare da na yi salati ba. Ashe tun farko abin da ya mutu ne kawai ke son canji. Abokina ya zo ya gani ya ce na ɓata ta. Na ce ya shiga in kai shi gida, ya shiga.

Har yau motar tana nan, ina fita da ita ranar Asabar. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kunyar titin ba ce. Dattijon nan ya gaya mini ƙarara cewa wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi, mahaifiyata kuma tana zaune da amsar a tafin hannunta, amma ban tambayi kowa ba, saboda na ga hoto a waya. Yanzu idan na tarar da wani abu a karkace wanda na gaba da ni suka bari, nakan fara neman wanda ya san dalili kafin in nemi guduma.

Ita kuwa mahaifiyata labarin ya zama nata. Ba taron suna ko na biki da ba ta ba da shi, kuma duk shekara masu ɗaga motar ƙaruwa suke yi. Na baya-bayan nan da na ji ta tana faɗa wa jikokinta, sun kai mutum arba'in, har da liman a gaba yana jan baƙi. Ƙaramar ta juyo ta tambaye ni wai da gaske ne. Na ce ta tambayi wadda aka ɗaga, ni ina ƙasa ina neman salansa.