Na'urar Ta Tambayi Sunan Mai Ita

Ni ban taɓa zama a bencin lakwal ba, wato makarantar boko, amma a unguwarmu nan Arlit babu mai riƙe yara da tatsuniya kamata. Ina yin muryar kura har ɗan goye ya fashe da kuka, in juya in yi ta zomo ya yi dariya da hawayen a fuska. Daga Damagaram na taho da tatsuniyoyin a kaina, shekarar da maigidana ya sami aiki a ma'adini.

Ɗana na fari direban kamiyo ne, babbar motar kaya, hanyar Tahoua yake bi. Shi ya sayi ordinatar, kwamfuta irin mai ninkewar nan. In ya dawo daga tafiya sai ya ajiye ta kan tabarma bayan la'asar, ya ce, "Inna, a ba mu ɗaya, na'ura tana ɗauka." Mutum da gemunsa, amma shi ke riga ƴaƴansa amsa "ta zo mu ji ta". Kuma bai iya shiru ba.

"Inna, bara ba haka kurar nan ta mutu ba."

Sai in dubi yaran in ce, "Ku gaya wa wancan mutumin kurata ce. In na ga dama in kashe ta kullum."

Haka muke magana, ta bakin yara. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin fuska da shi a gaban mutane. Ni kuwa na riƙe wannan sosai, har mata suna misali da ni.

Da ya kwanta ciwo bai daɗe ba. Aka tattara kayansa aka rufe a akwatin ƙarfe, ba mai taɓawa sai matarsa ta fita takaba an zo rabon gado. Ranar da aka buɗe, ordinatar ta ƙi tashi. In an danna sai wani ƙas-ƙas daga cikinta, fuskar baƙi ƙirin. Malam ya ce dukiyar marayu ce, a gyara a sayar. Ƙanensa ya ɗauka zai kai kasuwa, na jawo mayafina na bi shi. Kowa ya ɗauka tatsuniyoyina nake bi. Me zan yi da su? Suna nan a kaina. Mai katse ni nake so in ji.

Mai gyaran Ba'adare ne, shagonsa bai fi ɗakin girki ba. Ya kwance cikinta, ya zaro wani ƙarfe kamar tafin hannu, ya kara a kunne.

"Inna, diski dir ɗin ya mutu. Sabo za mu saka, mu zuba mata sistem."

"Mene ne kuma sistem?"

"Hankalinta. In babu shi, faranti ta fi ta amfani."

Na ce to a zuba. Ƙanen ya ce zai je sallah ya dawo. Mai gyara ya ɗaura sabon, ya soka wani ɗan abu a gefenta, kile ya ce sunansa, sai ga fuskar ta yi shuɗi. Wani layi ya fito yana cika a hankali. Na zauna a kujerar roba ina kallonsa kamar mai jiran ruwan famfo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirinta kuma ba ya riƙewa, aka koma farko. Ban yi ƙorafi ba. Wanda ya jira fitar takaba ba ya jin nauyin wannan.

Da layin ya cika, ta mutu ta tashi da kanta, ta fito da rubutu.

Na ce, "To, sa shi ya yi magana."

"Wa, Inna?"

"Mai ita. Yana ciki, shi da yara."

Ya daina danne-danne. Ya ɗauko tsohon ƙarfen daga kan tebur ya miƙo mini. "Abin da kike nema nan shike. Wagga sabuwa ba ta san kowa ba."

"Ba ka ce ka zuba mata hankali ba?"

"Hankali na zuba, Inna. Tunawa ba a saida ta."

Na tambaye shi ko akwai mai buɗe tsohon. Ya ce wataƙila a Yamai, wataƙila sai ƙasar waje, kuma irin ƙarar da ya ji, ko can ɗin bai yi mini alkawari ba. Ni da ko Agadas na daina zuwa saboda ƙafa.

Sai ya juyo da fuskar na'urar wajena. "Tana tambayar sunan mai ita. Ba ta wucewa sai an rubuta. Mi za ni sa?"

Na buɗe baki. Babu kowa a shagon sai ni da shi, kuma ba ɗan garinmu ba ne, ba wanda zai kai labari. Sunan yana nan kan harshena, tun ranar da liman ya raɗa wa ɗana shi a kunne. Yana da rai ban faɗa ba, yau in faɗa wa baƙo da na'urar da za a sayar gobe? Na ce, "Jira ƙanensa."

Ƙanen ya dawo, ya leƙa, ya ce, "Sa ko mene ne, mai saye zai canza." Mai gyara ya danna wasu baƙaƙe, ta wuce. Ta buɗe tas, ba ko hoto ɗaya.

Wani malamin lakwal a Akokan ya saye ta. An ce tana aiki lafiya.

Tsohon ƙarfen yana cikin kwallata, naɗe da ɗankwali. Yaran sun koma Damagaram da uwarsu. In gida ya yi shiru nakan gwada muryarsa. Ni da nake yin kura da zomo da tsohon maye, in na ce "Inna, bara ba haka ba ne", tawa ce ke fitowa. Da farko ina jin tasa a kaina, in san inda na kuskure. Yanzu ban ma san inda nake kuskurewa ba.