Ranar da Azaratu ta tuɓe takalmi a gidan zane

Duk wanda ya saba bi ta bakin masallacin layinsu a Aboabo da safe ya san Azaratu mai koko, in bai san fuskarta ba ya san dariyarta. Mace ce gajera mai jiki, muryarta kuwa ta fi ƙarfin jikin. In ta kama ka da labari tana zuba koko, ƙosai zai huce a hannunka ba ka sani ba. Da tukunyar kokon nan ta riƙe gida tun rasuwar mijinta Malam Wahab, da ita ta kai autarta Hikma har jami'a. Aibinta ɗaya ne, kuma duk zango an sani: Azaratu ba ta iya zuwa ko'ina ita kaɗai. Ko haƙori za a duba mata, sai ta kwashi 'yan rakiya kamar za a kai amarya.

Zane Hikma ta karanta. Abin da ake yi da karatun zane kuwa Azaratu ba ta taɓa ganewa ba, amma hakan bai hana ta cika baki ba. Ana nan wata rana Hikma ta zaunar da ita, ta ce wani gidan nuna zane da ke hanyar Oforikrom ya karɓi aikinta, ranar Asabar za a buɗe.

"Mma, don Allah ki zo ke kaɗai," in ji Hikma. "Wurin ba a hayaniya, ba a taɓa komai. Madam mai gidan za ta zo da baƙi, in aikin ya yi musu za su bar shi ya daɗe."

Maganar ta ɗan sosa wa Azaratu rai, don ta gane abin da yarinyar ke tsoro. Ta dafa ƙirji ta rantse ba za ta kunyata ta ba. Kuma tsakani da Allah ta yi ƙoƙari, don aminiyarta Rakiatu kaɗai ta gaya wa. Ita ma Rakiatu ƙanwarta Nasiba kaɗai ta gaya wa. Kafin Asabar an fitar da yayi, atamfa ruwan goro iri ɗaya, an ɗauki shatar motar haya, trotro, an dafa shinkafa da wake cike da kula.

A bakin ƙofar gidan Azaratu ta tara rundunarta ta yi musu huɗuba. Ba guɗa, ba dariya, hannu a bayan mayafi. Mai gadi ya ga kular abinci ya ce ba za ta shiga ba, Nasiba ta tsaya yi masa bayani da yaren Twi, gardama ta ja su har bakin titi. Sauran suka tura ƙofar gilashi suka shige.

Sanyi ya buge su. Daɓen ɗakin fari fat, yana walƙiya kamar an lashe. A hannun dama kuwa ga takalma an jera su reras, silifa da sandal da na yara.

"Kun gani ko?" Azaratu ta raɗa, raɗar da aka ji har ƙarshen ɗakin. "Masu tarbiyya ne sosai paa. Kowa ya tuɓe."

Ita ta fara. Ta hango wani gurbi a tsakiyar jerin, daidai na mutum ɗaya, ta ajiye sabon takalminta mai duwatsu a ciki. Sauran suka cusa nasu duk inda suka samu, suka taka daɓen nan mai sanyi suna ɗaga ƙafa kamar kaji a ruwa.

To, nan fa ido ya sha kallo. Zanen farko farin allo ne ƙato, da jan layi ɗaya tak a gefe. Rakiatu ta daɗe tana dubansa, sannan ta girgiza kai cike da tausayi.

"Wayyo, fenti ya ƙare masa. Da ya yi magana ai da an taimaka."

Azaratu ta danne dariya har hawaye ya fito mata. Gaba kaɗan ga talabijin a bango, wata tsohuwa a ciki tana kallon mutane ba ta ko ƙiftawa. Suka yi mata sallama, ba ta amsa ba, Rakiatu ta ce dama tun daga nesa ta ga alamar girman kai. Sai wani ɗaki da aka rataye tukwane daga sama, baƙaƙe ƙirin, gindinsu duk ya sha wuta. Nan Azaratu ta tsaya cak. Shekara da shekaru tana kankare gindin tukunya, ba ta taɓa ɗaga kai ta kalle shi daga ƙasa ba. Ashe kowace da irin ƙunarta, wata kamar taswira, wata kamar fuskar mutum. Daɗi ya kama ta, ta rasa dalili.

"Ei! Ku zo ku ga aikinmu a sama!" ta ce, ta manta da huɗubarta gaba ɗaya.

Suna cikin wannan shewa sai ga Hikma ta fito daga wata ƙofa, tare da Madam mai gidan, doguwar mace mai tabarau, da baƙi biye da su. Hikma ta ga ruwan goro ya cika ɗaki. Ta sauke ido ta ga ƙafafu, duk ba takalmi. Ta waiga wajen ƙofa, ta dafe kai.

"Mma, ina kuka tuɓe?"

"Inda kowa ya tuɓe mana."

"Mma, wancan shi ne aikina."

Azaratu ta sauke ido ƙasa. Ta dubi ƙafar Madam, takalmi mai tsini. Ta dubi ƙafafun baƙi, kowa da nasa. Abin da ta rantse ba za ta yi ba, ga shi ta yi shi da hannunta, ta kuma jawo mota guda ta taya ta. Kunya ta rufe ta har ta ji kamar daɓen ya tsage ta shige.

Mata suka ruga ɗaukar takalmansu, abu ya ƙara dagulewa. Hikma na kiran a yi a hankali, Rakiatu kuwa ta ɗago wani tsohon silifa da aka ɗaure da waya.

"La ilaha! Wannan ai nawa ne na bara! Na jefa shi bayan gida!"

Wani daga cikin baƙin ya fashe da dariya, Madam ma ta kasa riƙe tata. Hikma ta daure ta yi bayani da Turanci, ta maimaita da Hausa: tsofaffin takalman mutanen gidansu da na maƙwabta ne ta yi ta tsinta, ta jera su yadda suke taruwa a bakin ƙofa ranar salla, na masu rai da na waɗanda suka riga mu.

Azaratu ta lallaɓa a ƙarshe, kanta a ƙasa, ta sunkuya za ta ɗauki nata. Sai idonta ya faɗa kan na kusa da shi. Takalmin fata ne baƙi, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe. Ta san wannan cin, don ta san tafiyar da ta yi shi. Na Malam Wahab ne. Ita a zatonta an bayar da shi sadaka tare da sauran kayansa, ashe yarinyar ta ɓoye tun tana ƙarama.

"Gurbin nan naki ne na bari," in ji Hikma a hankali. "Na ji nauyin in roƙe ki, kada ki ce na haukace."

Azaratu ta janye hannunta. Ta share ido da bakin mayafi, ta gyara wa takalminta zama ya daidaita da na mijinta.

Hikma ta kamo hannun uwarta ta ja ta gaban baƙi, ta ce musu da ƙarfi wannan ce mahaifiyarta, mai koko ce a Aboabo. Madam ta yi wata magana da Turanci, Hikma ta fassara: aikin zai zauna, kuma in Mma ta yarda a bar takalmin a inda ta sa shi.

"Ki ce mata na bar mata shi kora, har abada," in ji Azaratu. Ta juya wajen rundunarta, muryarta ta dawo daram. "To, me kuke jira? Rakiatu, saki guɗar nan!"

Rakiatu ta rangaɗa ta har ɗakin ya amsa. Nasiba, wadda ta ƙare da zuba wa mai gadi shinkafa a bakin ƙofa, ta miƙo wa Azaratu silifanta don komawa gida. Azaratu ta ƙi karɓa. Ta taka titin nan mai zafi da ƙafa tsirara har bakin mota, tana tsalle tana dariya, tana gaya wa yaron mota cewa takalminta yana ciki tare da na maigidanta, in yana son gani ya je ya bi layi.