Baba Hana-Ruwa da Furannin Kariya

Ƙarfe bakwai na safe za ka same shi tsugune a farfajiyar ɗakin marasa lafiya, ya tura yatsa cikin ƙasar tukunyar fure har gaɓa ta biyu. In ya ji ɗan danshi, sai ya wuce ta gaba. Shekara ashirin ina aikin jinya a asibitin nan, ban taɓa ganin mai lambu mai rowar ruwa irinsa ba. Shi ya sa muka laƙaba masa Baba Hana-Ruwa, kuma yana amsawa da fara'a. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Sababbin ma'aikata ba su san cewa saura ƙiris farfajiyar nan ta zama dandamalin siminti ba. Shekarar da rijiyar burtsatsenmu ta ja baya, furannin da ake sayowa duk suka ƙone. Shugaban asibiti ya ce ruwan da ya rage na marasa lafiya ne, kuma da gaskiyarsa. Za a shafe wurin, mai lambu ya nemi wani aikin.

Baba ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni shekara guda da ruwa bokiti ɗaya a mako. Wanda ya yi wata uku a kwance bai kamata ya leƙa taga ya ga siminti ba."

Aka ba shi. Ya hau kekensa ya nufi duwatsun bayan gari, ya dawo da rassan kariya, itaciyar nan mai ƙaton gindi da ke fure a inda ko ciyawa ba ta tsira. Maimakon ya dasa, sai ya jera su a inuwa kwana bakwai, wai sai bakin yankan ya bushe. Muka yi ta yi masa dariya. Daga nan ya huhhuda tsofaffin bokitai, ya cika su da yashi da tsakuwa, ya kafa rassan a tsakiyar rana. Ya kuma ja mana kunne cewa ruwan jikinsu dafi ne, wanda ya taɓa ya wanke hannu.

Abin da bai yi tsammani ba shi ne tausayin mutane. Duk ɗan jinyar da ya wuce da buta sai ya zuba musu saura, yana neman lada. Ni ma ina cikin masu laifi, har da lallaɓawa nake yi. Cikin talatin, sha takwas suka ruɓe. Ranar da ya kama ni, ya tumɓuke ɗaya ya nuna mini saiwar ta zama kamar dafaffiyar kabewa.

"'Yata, alherinki ne wannan," in ji shi. "In kina son lada, kai wa mai zazzaɓin can."

Tun daga ranar ya dasa kujera a wurin yana gadi. Shekara ta zagayo, aka sauke buhunan siminti a bakin ƙofa, ga kariyoyi tsirara ba ko ganye. Wallahi na fid da rai. Ana tsakiyar zafin bazara, wata tsohuwa mai karaya ta kira ni, wai wa ya ɗaura jajayen ƙyallaye a kan sandunan can. Da na leƙa, ashe kariyoyin ne suka yi fure, sai da na yi guɗa a bakin aiki. Simintin nan kujeru aka yi da shi, su ne marasa lafiya ke zama a kai yau.

Baba, kai ne ka koya mana mu tambayi abin da ake bukata kafin mu miƙa hannu. Mai haƙurin jiran fure, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu fama da ƙarancin ruwa a gida ko wurin aiki, ku duba abin da ke tsirowa da kansa a bayan garinku, ku yi yadda ya yi.

Jiya na tambaye shi wa zai kula da su in ya tafi. Ya yi dariya ya karkaɗe hannu.

"Ai ba sa bukatata, 'yata. Tun farko shi ya sa na zaɓe su."