Shafin da Dakta Ta Bari Babu Layi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Ina tsaye a ɗakin gwaji sanye da safar hannu, ina lissafin ranar da za a sallamo ki ki duba kwalaben da kika bar min. Kwana huɗu kacal kika yi a kwance, Dakta.

Shekara goma sha ɗaya muna teburi ɗaya. Aikinki folima ne, wato dogon zaren sinadari da ake naɗe magani a cikinsa, ya kai shi cikin ƙwayoyin jiki bai lalace a hanya ba. Burinki wata rana ya ɗauki gyaran ƙwayar gado zuwa jikin masu sikila. Mahaifiyarki dai cewa take 'yarta ta yi digiri uku don ta dama gam, ke kuma ki yi ta dariya.

Ban manta ranar da na bar ƙofar firiza a buɗe ba, aikin wata uku ya narke. A taron sashe cewa kika yi, "Mun yi kuskure." Da na samu ciki kika hana ni kusantar sinadarai masu tururi, kika haɗa aikina da naki har wata takwas.

Doka ɗaya ce ba kya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: littafin gwaji. Kowane shafi da biro, da kwanan wata, ki sa hannu, ni in sa a ƙasa a matsayin shaida, sauran filin kuma ki ja masa layi don kada wani ya ƙara komai. Na sha yi miki mita a kan wannan. Shafi ɗaya tak kika bari babu layi, na tamanin da uku, domin kina cikin rubuta shi naƙuda ta kama ni, kika jefar da biro kika kai ni asibiti.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Washegarin jana'izarki na tarar an canza makullin firiza, littafin kuma ba ya cikin durowa. Shugaban sashe ya ce shi ya ɗauka don ya adana. Mutumin da ya shekara biyar yana kiran aikinki ɓata lokaci, shi ya fi kowa share hawaye a wurin gaisuwa, kuma a nan ya ja mijinki gefe yana tambayar ina kwamfutarki. Na gani da idona.

Ranar Litinin shugaban ya ajiye min littafin a buɗe. Rabin shafin nan ya cika da rubutunsa: ainihin haɗin da kika gano wata shida bayan haihuwata, da kwanan watan ranar da na haihu.

"Sa hannu kawai, ke ce shaida," in ji shi. "Ni na ba marigayiya shawarar, mantawa ta yi."

"Ranka ya daɗe, ranar ina ɗakin haihuwa. Me na shaida?"

Ya yi murmushi. "Kwantiraginki wata mai zuwa zai ƙare, ko?"

Ba zan ɗauki alhakinsa ba, ban san duk abin da kuka tattauna a bayan idona ba. Na dai san tawadar ta fi ta saman shafin sabunta, na kuma san tsoro ya kama ni, don ina da 'ya'ya. Duk da haka na mayar masa da biron da ya miƙo min, ban sa hannu ba.

Allah Ya jiƙan ki, Dakta, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa aikin nan ya zame miki sadaka mai gudana da sunanki a kansa. Ina miƙa ta'aziyya ga Mama, da mijinki, da 'ya'yanki uku. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Don Allah kwamfutar nan kada ta bar gida. Ni ma ku sa ni a addu'a, gobe da ƙarfe tara aka ce in je ofishin shugaban sashe.